Sabar Ta Mutu, Darussa Sun Rage a Faifai Babu Suna: Nazarin Abin da Ya Faru a Wata Kwalejin Ilimi

Shimfiɗa: 2020

Kwalejin ilimi ce ta gwamnatin jiha a Arewa maso Yammacin Najeriya. Tana horar da malamai a matakin NCE, tana kuma da shirin malaman firamare masu zuwa ƙaro karatu lokacin hutu. Har farkon 2020 ba ta taɓa koyar da darasi ko ɗaya ta intanet ba. Da aka rufe makarantu a watan Maris na shekarar saboda cutar korona, hukumar kwalejin ta umarci sashen ICT ya nemo hanyar da malamai za su ci gaba da isar da darasi ga ɗalibai.

Sashen ya zaɓi Moodle, manhajar sarrafa karatu ta kyauta wadda Martin Dougiamas, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara fitarwa a 2002. An ɗora sigar 3.9, wadda ta fito a Yunin 2020, a kan wata sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, da ke wani ɗaki a ofishin ICT. Faifan ajiyar bayanai ɗaya ne a cikinta, mai ɗaukar terabait ɗaya. Jami'i ɗaya ne ya girka ta, shi ne kuma yake riƙe da kalmar sirrinta. Ba a rubuta masa wannan aiki a takarda ba, ƙari ne a kan gyaran firinta da rajistar ɗalibai da ya saba yi.

Kowace Moodle a kan abubuwa uku take tsaye, kuma duk abin da ya biyo baya a kansu ya rataya. Akwai ita manhajar kanta, da ɗan fayil ɗinta na saiti mai suna config.php. Akwai rumbun bayanai, wanda a wannan kwaleji MariaDB ne. A nan ake rubuta sunayen ɗalibai, jerin kwasa-kwasai, tambayoyin gwaji, amsoshi da maki. Sai folda mai suna moodledata, inda ake zuba duk fayil ɗin da malami ko ɗalibi ya ɗora, ko PDF ne ko hoto ko murya.

Da aka koma aji, manhajar ba ta mutu ba kamar yadda wasu suka zata. Malaman kwasa-kwasan gama-gari, masu ɗaruruwan ɗalibai a aji guda, sun gane cewa gwajin CA (gwajin cikin zango kafin jarrabawa) na zaɓin amsa yana makin kansa da kansa. Daga nan makin CA na kwasa-kwasai da yawa ya koma zama a cikin sabar, ba a takarda ba.

Tsarin ajiyar da aka bi: 2021 zuwa 2022

A farkon 2021 jami'in ya yi abu biyu. Ya kunna ajiyar kwas ta atomatik da ke cikin Moodle, wadda take tattara kowane kwas a fayil guda mai ƙarshen suna .mbz a daren da aka zaɓa, a nan daren Asabar. Ya kuma karɓo faifan waje daga sito, yana kwafe foldar moodledata a kai duk ƙarshen wata, yana kulle shi a durowar teburinsa.

Bai taɓa saitin da manhajar ta zo da shi ba. A wannan saiti kwafi ɗaya tak ake ajiyewa na kowane kwas, sabo yana zuwa tsoho ya tafi. Ana tsallake kwas ɗin da aka ɓoye wa ɗalibai, ana kuma tsallake wanda ba a taɓa shi ba tsawon kwana 30. Fayilolin .mbz ɗin kuwa a cikin moodledata suke sauka, wato a kan faifan da ake ƙoƙarin karewa. Bayan kowace ajiya Moodle takan aika wa mai kula da ita rahoto ta imel, amma ba a haɗa sabar da wata hanyar aika imel ba, don haka rahoton bai taɓa fita ba.

Rumbun bayanai ba ya cikin kwafin wata-wata. A tunanin jami'in, kuma ya faɗi haka daga baya ba tare da kwana-kwana ba, darussa su ne fayiloli, fayiloli kuma suna moodledata. Foldar ce take cika faifai, ita ce ake gani tana girma. Rumbun bayanan bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na girmanta ba.

A gefe guda, malamai masu bidiyo ba sa ɗora shi a sabar saboda iyakar girman fayil. Sukan sa shi a Google Drive ko YouTube na ƙashin kansu, su liƙa mahaɗin a shafin kwas.

Nuwamban 2022: makin da aka share

Wani malamin sashen koyar da lissafi ya so shigar da sabbin ɗalibai a kwas ɗinsa. Ya danna maɓallin sabunta kwas, wanda yake barin kayan darasi amma ya kwashe abin da tsofaffin ɗalibai suka yi: amsoshin gwaji, ayyukan da suka miƙa, da maki. Bai yi laifi ba, haka ake yi a kwalejin kowane zango. Bayan mako uku wata ɗaliba ta kai ƙara cewa makin CA da aka liƙa mata ba shi ne wanda ta gani a wayarta ba.

An duba kwandon shara na Moodle, wanda yake riƙe abin da aka goge na kwana bakwai. Babu komai, domin abin da sabunta kwas ya share ba ya biyowa ta kwandon. An duba fayil ɗin .mbz, sai aka tarar ajiyar Asabar ɗin da ta biyo bayan sabuntawar ta maye gurbin tsohon, kwas ne fes babu makin kowa. Kwafin ƙarshen Oktoba yana durowa, kuma akwai .mbz ɗin da ake nema a cikinsa, amma a lokacin babu wanda ya san haka, babu kuma wanda ya san yadda za a zaƙulo shi. An sasanta da hoton allon waya da ɗalibar ta ɗauka. Shugaban sashe ya amince da makin, magana ta wuce, saiti ya zauna yadda yake.

Afrilu zuwa Agustan 2023: faifai ya cika, sannan ya tsaya

Kafin Afrilun 2023 moodledata ta kai wajen gigabait 300, sauran faifan kuma ya cika da tsofaffin kwafe-kwafe da jami'in yake ajiyewa a gefe kafin ya yi wani gyara, da fayilolin sashen rajista. Ajiyar atomatik tana buƙatar fili na wucin gadi kafin ta haɗa .mbz. Da filin ya ƙare sai ta riƙa faɗuwa kowace Asabar. Shafin yana buɗewa, ɗalibai suna gwaji, babu alamar komai a waje.

A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin tafiyar da kwaleji ya ƙara matsewa, aka rage awannin janareta. Baturan inbata na ɗakin sabar sun riga sun tsufa, ba sa riƙe wuta fiye da 'yan mintuna. Sabar ta koma mutuwa farat ɗaya duk lokacin da aka ɗauke wuta, wani lokaci sau da yawa a yini. Kwafin wata-wata na ƙarshe an yi shi a ƙarshen Yuni. A Yuli jami'in yana wajen wani horo.

A tsakiyar Agusta, daren da aka yi ruwa da tsawa, wuta ta dawo da ƙarfi. Da safe sabar ta kunnu amma ba ta ga faifanta ba. Saura mako biyu a fara jarrabawar zango, makin CA na kwasa-kwasan gama-gari kuma yana ciki.

Agusta zuwa Satumban 2023: abin da aka gwada bai yi ba

Da farko an kai faifan wurin wani mai gyaran kwamfuta a Kano. Ya canza masa allon wuta, faifan ya juya yana ƙwas-ƙwas, bai karantu ba. Ya ba da shawarar a kai shi wurin masu buɗe faifai a ɗaki na musamman, kuɗin da aka ambata kuma ya fi ƙarfin abin da shugaban kwaleji zai sa hannu a kai ba tare da zaman kwamiti ba. An ajiye wannan.

Na biyu, jami'in ya sa sabon faifai, ya girka sabuwar Moodle, ya zuba mata moodledata ta ƙarshen Yuni, yana jiran kwasa-kwasai su bayyana. Shafi ya buɗe fayau, babu kwas ko ɗaya. Da ya shiga foldar da kansa sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba a shekara biyu da rabi yana kwafe ta. Moodle ba ta ajiye fayil da sunan da mai shi ya ba shi. Tana lissafa wata lambar shaida daga abin da ke cikin fayil ɗin, haruffa da lambobi 40, ta mai da ita sunansa, ta jefa shi a ƙananan foldoji masu suna irin 3f da a9 a cikin wata folda da ake kira filedir. Babu ƙarshen suna da zai nuna PDF ne ko hoto. Sunan asali, da kwas ɗin da fayil yake, da wanda ya ɗora shi, duk a rumbun bayanai aka rubuta su. Abin da ke hannun kwalejin ya zama kamar sito cike da buhuna iri ɗaya, littafin da ke faɗin buhun wane ne kuma ya ƙone.

Na uku, an aika sanarwa ta rukunin WhatsApp na malamai cewa kowa ya sake ɗora kayansa. Takardun lacca sun dawo da sauri, don suna kwamfutocin masu su. Tambayoyin gwaji ba su dawo ba sai kaɗan, domin yawancin malamai kai tsaye suka riƙa buga su a shafin, shekara bayan shekara, ba su da kwafi a ko'ina. Maki kuwa sai wurin 'yan tsirarun da suka saba sauke shi a Excel.

Jarrabawa ba ta jira ba. Kwamitin ilimi na kwalejin ya amince a sake gwajin CA a takarda ga kwasa-kwasan da makinsu ya salwanta. Ɗalibai sun yi guna-guni, malaman gama-gari sun kwana suna maki da jan biro.

Oktoban 2023: abin da aka tsinta a cikin tarkacen

Mafita ta zo daga wani malamin sashen kwamfuta da aka roƙa ya duba faifan wajen. Tambaya ɗaya ya yi: ina ajiyar atomatik take sauka? Da aka ce a cikin Moodle ɗin, sai ya ce ke nan fayilolin .mbz ma suna cikin filedir, sanye da sunayen lambobi kamar sauran.

Fayil ɗin .mbz ƙunshi ne da aka matse, kuma a cikin kowanne akwai wani fayil mai suna moodle_backup.xml da ke ɗauke da sunan kwas, ranar da aka yi ajiyar, da sigar Moodle da ta yi ta. Malamin ya rubuta ɗan gajeren umarni da yake bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, yana duba nau'in kowanne daga farkon abin da ke cikinsa, ya ware matsattsun, ya leƙa ko akwai wancan fayil, in akwai ya kwafe shi gefe da sunan kwas ɗin. Aikin ya cinye dare guda. Da gari ya waye akwai .mbz na wajen kashi uku cikin huɗu na kwasa-kwasan kwalejin, yawancinsu na watan Maris.

An mayar da su a kan Moodle 4.1, wadda ta fito a Nuwamban 2022 kuma tana cikin sigogin da ake daɗe ana kula da su. Zaɓin ya zo daidai, don ana daf da daina gyaran tsaro na 3.9 a ƙarshen 2023. Kwafin tsohuwar siga yana hawa sabuwa. Akasin haka ne ba shi da tabbas. Tambayoyin gwaji sun dawo, tsarin darussa ya dawo, makin zangunan baya da ba a share ba ya dawo.

Sauran abubuwa sai da aka bi su da hannu. Ajiyar kwas ba ta ɗauke da kalmar sirrin kowa sai in an saita ta musamman, don haka kowane ɗalibi sai da aka ba shi sabuwa, aka kuwa yi layi a ƙofar ICT. Rabe-raben makarantu da sassa, da kamannin shafi, ba sa cikin .mbz, an sake gina su. Wani ƙarin kayan aiki na ɗaukar halartar aji da aka girka a 2021 sai da aka sake girka shi kafin bayanansa su yarda su hau.

Akwai kuma abin da bai dawo ba. Kwasa-kwasan 2020 da aka ɓoye tun kafin a kunna ajiyar atomatik ba su taɓa samun .mbz ba. Fayilolin da aka ɗora daga Afrilu zuwa Yuni suna nan amma babu suna. Ma'aikata biyu sun yi makonni suna buɗe su, sun tantance waɗanda ɗalibi ya rubuta sunansa da lambarsa a shafin farko, sauran aka bar su. Duk abin da aka yi a Yuli da Agusta ya tafi. Bidiyoyi kuma wani tabo ne daban: mahaɗin ya dawo lafiya, amma na malaman da suka yi ritaya ko suka koma wata makaranta da yawa sun daina buɗewa, domin ajiyar kwas mahaɗin kawai take ɗauka, ba bidiyon ba.

Nuwamban 2023 zuwa Maris na 2024: sabon tsari

Kwamitin da aka kafa ya fara da tunanin mayar da komai wurin wani kamfanin ajiya na waje. Lissafi ya hana. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,400, ga shi a lokacin bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin Naira. An kuma lissafa cewa gigabait 300 a layin da yake tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci kusan kwana uku ba tsayawa. Malamin kwamfutan ya ƙara tuna wa kwamitin gobarar da ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa a Maris na 2021, inda wasu masu hulɗa suka rasa har kwafin ajiyarsu saboda a wuri guda yake da na asali.

Abin da aka tsayar ya kasu gida biyu, kowanne da mai shi.

Ajiyar ko-ta-kwana tana hannun ICT. Kowane dare ana sauke rumbun bayanai gaba ɗaya, sannan a kwafe sabbin fayilolin moodledata da config.php zuwa wata tsohuwar kwamfuta da aka sa wa sabon faifai a ginin ɗakin karatu, inda akwai sola. Wancan tsarin suna na lambobi da ya wahalar da su a nan ya yi rana: tunda fayil ba ya canzawa a ƙarƙashin sunansa, sababbi kawai ake turawa, aikin ba ya wuce mintuna. Ana riƙe kwafin rumbun na kwana 14, da na ƙarshen kowane wata na shekara guda. Rumbun bayanan kaɗai, da yake ƙarami ne, ana kulle shi da mabuɗin sirri a tura shi ma'ajiyar intanet. Faifan waje biyu suna karɓa-karɓa kowane mako, ɗaya yana kwana a akwatin ƙarfe na ofishin rajistara tare da ambulan mai ɗauke da kalmomin sirri. An haɗa imel, rahoton ajiya yana zuwa wa mutum uku.

Taskar tarihi kuwa tana hannun rajistara. An hana sabunta kwas. Kowane zango ana buɗe sabon kwas a kwaso kayan darasi daga tsohon. Bayan an tabbatar da sakamako, ana fitar da .mbz biyu na kowane kwas. Ɗaya da bayanan ɗalibai, ɗaya kayan koyarwa zalla wanda sashe zai iya bai wa duk malamin da ya gaji kwas ɗin. Ana kuma fitar da maki a Excel da PDF, saboda a buɗe shi ko bayan an bar Moodle, ko lokacin da jami'an NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, suka zo tantance kwasa-kwasai. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da buƙata ba, don haka kwamitin ilimi ya yanka wa kwafi mai bayanan ɗalibai wa'adi, ya kuma taƙaita masu buɗe shi. An ce duk bidiyon darasi a miƙa kwafinsa ga ɗakin karatu.

An kuma sa doka cewa kowane zango a ɗauki kwafi a tayar da shi a wata kwamfuta daban, kuma wanda zai yi ba jami'in da ya girka tsarin ba. Gwajin farko bai yi nasara ba: kwafin rumbun ya yanke a tsakiya saboda wuta ta ɗauke yana cikin sauka, umarnin kuma bai duba ko ya kammala ba. Aka gyara shi ya riƙa dubawa.

2024: yadda tsarin ya jure

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke bi ta gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, turawa zuwa ma'ajiyar waje ta yi ta yankewa na kwanaki. Kwafin ɗakin karatu bai tsaya ba, don a layin cikin gida yake tafiya. A ƙarshen Oktoba yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. An kashe sabar da hannu bayan an ɗauki kwafi, aka kunna ta da wuta ta dawo, babu abin da ya ɓata. A wannan shekarar wata malama ta goge gwaji bisa kuskure, ba ta ankara ba sai bayan kwana goma, wato kwandon shara ya riga ya zubar. An ɗauko shi daga kwafin dare a cikin yini guda.

Hukunci

Tsawa da baturan inbata su ne suka kashe faifan, amma ba su ne suka jawo asarar ba. Faifai dama mai mutuwa ne. Asarar ta fito ne daga kwafin da aka yi shekara biyu da rabi ana ɗauka ba a taɓa gwada tayar da shi ba ko sau ɗaya. Da an gwada a 2021, a yini guda za a gane cewa moodledata ba ta tashi sai da rumbun bayanai, gyaran kuma layi ɗaya ne na umarni. Ceton da aka samu a Oktoba ma sa'a ce: kuskuren ajiye .mbz a kan faifan da ake karewa shi ne ya sa suka faɗa cikin kwafin wata-wata.

Ɗora wa jami'in laifi shi kaɗai ba adalci ba ne, ko da yake an so yin haka a makonnin farko. Ya yi fiye da abin da aka ce ya yi. Kwalejin ce ta mayar da makin ɗalibai cikin na'ura ba tare da rajistara ya ɗauke shi a matsayin kundin da ke wuyansa ba. Ƙarar Nuwamban 2022 ta nuna wannan ƙarara, domin abin da ɗalibar take nema shaidar abin da ya wuce ne, ajiyar da take maye gurbin kanta duk Asabar kuwa ba za ta taɓa bayar da ita ba. Raba aikin gida biyu, da ba kowanne mai shi, ya fi duk wata na'ura da aka saya tasiri. Kuɗin da aka kashe bai wuce na faifai uku da batura ba.

Ɓangaren da har yanzu yake ɗingishi shi ne bidiyo. Malamai da yawa ba su miƙa kwafi ba, wasu suna ganin kayansu ne ba na kwaleji ba, kwamitin ilimi kuma bai yanke hukunci a kan mallakar ba tukuna.